Salisu Ya Ce Yau, Muka Ce Bayan Sallah

Da ƙarfe shida da minti ashirin na safiyar yau aka buga mini waya cewa Salisu tela ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin in gama ɗaura takalmi, sanarwar ta riga ta zaga wayoyin jama'a: "bayan gajeruwar rashin lafiya." Sau uku na karanta ta a cikin motar da ta ɗauko ni daga Bukuru. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin duba-gari kafin in yi ritaya, kuma a tsawon aikin nan ban taɓa sa hannu a rahoton da na san ba daidai ba ne. Rashin lafiyar Salisu ba gajeruwa ba ce. Shekara biyu da 'yan watanni ta ɗauka, a kan idonmu duka.

Na san an umarce mu da mu ambaci mamatanmu da alheri, kuma alheri nake nufi da wannan rubutu. Ban kuma yi shi da gaban kaina ba. Maiɗakina, Hajiya, tana gidan makokin tun safe, kuma ta nemi izinin Rabi, matar marigayin, a madadina. Ga amsar Rabi kamar yadda aka isar mini: "A gaya wa Baba ya rubuta. Rufin asirin nan ne ya cinye mana shi."

To, bismillah.

Shekara goma sha tara Salisu yana yi mini ɗinki a shagonsa da ke Anguwan Rogo. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da sauƙin sha'ani. Teloli shida na sallama kafin shi, kuma da tef ɗin awona nake zuwa, domin ban yarda da na kowa ba.

Kaftanin farko da ya ɗinka mini, washegari na mayar masa. Na ce hannun hagu ya fi na dama tsawo da rabin inci. Bai yi musu ba. Ya karɓi tef ɗina, ya auna rigar, sannan ya tsayar da ni ya auna ni.

Ya ce, "Baba, rigar daidai take. Kai ne ka karkace."

Ashe kafaɗata ta hagu ta fi ta dama sauka, kuma na kai shekara hamsin da wani abu ba wanda ya iya gaya mini. Daga ranar ya riƙa yanka mini yadi a kan karkacewar, ni kuma ban sake neman wani tela ba.

Shi ya lura cewa kullum ina laluben tabarau, sai ya fara sa mini wani ɗan siririn aljihu daga ciki, daidai girmansa. Ban roƙa ba, bai kuma ambata ba. Shekarar da ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni, ya zo dubiya har Bukuru, ya karɓi rigunana uku daga hannun Hajiya, ya dawo da su da shafi mai kauri a ƙirji saboda sanyin garin nan. Da na yi masa faɗa a kan ya taɓa mini kaya ba izini, sai ya ce, "Ka warke tukuna, Baba, sai ka kai ni ƙara."

Wannan shi ne mutumin. Magidanci, uban 'ya'ya huɗu, wanda ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Ina so ku riƙe wannan siffa, domin ita ce ta ruɗe mu.

Canjin ya fara ne da abin da kowa ya ɗauka ci gaba ne. Ɗinkin da yakan ɗauki mako biyu ya koma kwana uku. Mutane suka yi ta yabo: Salisu ba ya saɓa alkawari, Salisu inji ne, ko ana gobe Sallah ka kai masa yadi zai ɗinka. Ni kaina na yaba. Na ce masa a ƙarshe an samu tela ɗaya a Jos da ya san darajar lokaci. Ban tambayi kaina yaushe mutumin nan yake barci ba.

Sai ya fara ramewa. Haƙoransa suka fara lalacewa, ya riƙa sosa hannuwa har suna jini, magana kuma ba ta tsayawa a bakinsa. Na lura da duk wannan, amma abin da na yi ƙorafi a kai shi ne layin ɗinkin wuyan rigata ya ɗan goce.

Wanda ya fara gaya mini gaskiya shi ne Oga Chidi, mai sayar da zare da maɓallai a shagon da ke jikin na Salisu. Ya tare ni wata rana, ya jawo mini benci.

Ya ce, "Oga, zauna small. Wannan Salisu, tana shan abu."

Na ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Ba wiwi ba, ba maganin tari ba. Ais. Ni na san shi, a ƙauyenmu ya kashe yaron sister na. Farko aiki, aiki, aiki, babu barci. Daga baya babu aiki, babu mutum."

Kun san amsar da na ba shi? Na ce ba a ɓata sunan mutumin kirki ba tare da hujja ba, kuma ina fata ba zan sake jin wannan magana daga bakinsa ba. Chidi ya dube ni ya ce, "No wahala, Oga." Yau a maƙabarta na gan shi tsaye daga gefe, ya cire hula yana share ido. Na je na ba shi hannu na ce ya gafarce ni.

Ga waɗanda ba su sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin: ais wani farin abu ne mai kama da ɓarɓashin gilashi, likitoci suna kiransa metamfetamin. Yana kore barci da yunwa, ya sa mutum ya ji kamar zai iya aikin mutum uku. Sannan ya fara cin jiki da ƙwaƙwalwa, mai shan ya riƙa zargin kowa, ya riƙa jin muryoyin da babu su, zuciya kuma tana aikin da ya fi ƙarfinta. Wani abokin sana'a ne ya fara ba Salisu, a wani azumi da aiki ya yi masa yawa. Ba don nishaɗi ya karɓa ba. Don kada ya ji kunyarmu ne, mu masu kawo yadi saura kwana biyar Sallah muna cewa lallai sai mun sa.

A unguwar akwai kwamitin yaƙi da shaye-shaye, kuma ban raina niyyarsu ba. Amma aikinsu shi ne su bi matasan da ke zaman banza a bakin rafi, su aske musu kai, su zane su, a ɗauki hoto. Wa zai dubi magidancin da ke zaune a kan keken ɗinki tun asuba? Rigunan da 'yan kwamitin suke sawa idan za su fita kame, Salisu ne ya ɗinka musu, kyauta, cikin kwana biyu. Har godiya aka yi masa a masallaci.

Yanzu na zo ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Azumin bara, ran ashirin ga wata, da misalin ƙarfe goma na safe, Hajiya ta ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Salisu a tsugune a ƙofar gida. Bai yarda ya shiga ba, bai kuma tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

Ya ce, "Baba, kwana huɗu ban rintsa ba. Jiya na kwance kan kekena gaba ɗaya, ƙusa bayan ƙusa, ina neman abin da ke magana a ciki. Rabi ta ɓoye almakashi. Ka kai ni asibiti."

Na ce, "Madalla da ka zo. Za a kai ka."

Ya ce, "Yau, Baba."

Na tambaye shi ko yayansa, Alhaji Tanko, ya sani. Alhaji Tanko shi ne babban gidansu tun rasuwar mahaifinsu.

Ya ce, "In ka gaya wa Yaya, ba za a je ba."

Na ce masa komai yana da ƙa'ida. Na ce ni ba danginsa ba ne na jini, kuma ba a ɗaukar magidanci a kai shi irin wannan sashe na asibiti ba da sanin babban gidansu ba. Na ce ya koma gida ya huta, gobe zan ga Alhaji, jibi mu tafi mu uku kamar yadda ya dace. Na tuna har na ji daɗin yadda na tsara maganar.

Ya ce, "To, Baba," ya tashi ya tafi.

Washegari na sami Alhaji Tanko a rumfarsa ta hatsi. Ya karɓe ni da mutunci, ya kore yaran rumfar, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam, mun gode da kulawa. Amma ɗinkin gida kusan arba'in ne a shagon nan. In aka wayi gari babu shi, me za mu ce wa mutane?"

Na ce, "Ku ce ba shi da lafiya, domin ba shi da ita."

Ya ce, "Sai a tambaya wane asibiti. Wancan sashen kuwa, kowa ya san na masu taɓin hankali ne. Yana da 'ya'ya, Malam, sunan zai bi su. Kuma mu a ganinmu hannu aka sa masa saboda kasuwarsa ta buɗe. Ana karɓo masa rubutu."

Na ce, "Alhaji, a ci gaba da addu'a, ba wanda ya hana. Amma wanda ya sa masa hannu yana sayar da abin a ƙullin leda, kuma ƙaninka ya san gidansa."

Ya gyara hula. Ya ce, "Bari a wuce Sallah. Kwana tara ne kawai. In ya sallami mutane, ni da kaina zan kawo shi."

Minti arba'in muka yi muna wannan. A ƙarshe na yarda. Na ciro littafin aljihuna na rubuta: kwana uku bayan Sallah, ƙarfe takwas na safe. Na nuna wa Alhaji ya gani, muka yi musafaha, na koma gida da jin cewa na yi aiki bisa tsari.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. A cikin ɗinkin gida arba'in ɗin nan akwai kaftanina biyu. Ranar jajibere na je na karɓa, na duba wuya da hannu, na ce sun yi. Da ɗayansu na je Idi.

Kwana uku bayan Sallah, ƙarfe takwas saura minti biyar, ina ƙofar shagon. Alhaji Tanko bai saɓa ba, shi ma ya zo. Salisu ya dube mu kamar bai taɓa ganinmu ba.

Ya ce, "Wane asibiti? Lafiyata ƙalau. Wa ya aiko ku?"

Domin ya gama aikin kwana taran nan, sai da ya ninka abin da yake sha. Daga baya wani likita, ɗan abokina, ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ya ce mai shan abin nan yakan sami ɗan lokaci da hankalinsa ke dawowa har ya nemi taimako da bakinsa, kuma lokacin ba ya daɗewa. Ya ce baligi da ya zo da ƙafarsa ba ya bukatar sa hannun yayansa kafin likita ya gan shi. Wato ƙa'idar da na tsaya a kai ba ta asibiti ba ce. Tawa ce, da ta zaman gari.

Sau shida na koma bayan nan. Sau biyu ya ɓuya, sau ɗaya ya ce ni ɗan leƙen asiri ne.

Sauran labarin mutanen unguwar sun sani. Ya lalata leshin wata amarya, masu yabon jiya suka kwashe yadinsu, shagon ya koma a rufe ya fi a buɗe. Wata rana 'yan kwamiti suka kama shi suka yi masa abin da suke yi wa matasa, a bainar jama'a. Bulala ba ta cire komai daga jininsa ba, sai dai ta cire ɗan sauran abin da ke fito da shi cikin mutane. Mai sayarwar kuwa aka ce ya bar unguwar, bayan wata biyu aka ce ya dawo. Rabi ta yi haƙurin da ban san ko ni zan iya kwatankwacinsa ba.

Ganina na ƙarshe da shi, mako uku ke nan. Na same shi a bencin Chidi yana shan hantsi. Ranar hankalinsa yana jikinsa, ya gaishe ni yadda ya saba, har ya tambayi Hajiya. Na ce masa in ya yarda, yanzu mu tafi, ba sai an gaya wa kowa ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka koyi sauri."

Sannan ya ce, "Ran nan ce ranar. Yau ba na jin zan iya."

Ina cikin lallashinsa sai ya miƙo hannu ya kama maɓallin wuyana, ya ce yana lilo, kuma ba zai bari in ratsa gari haka ba, a ce shi ne telana. Ya karɓi allura da zare a wurin Chidi. Sau huɗu yana ƙoƙarin zura zaren, hannun yana rawa. Na karɓa, ni kuma ido ya ƙi. Chidi ne ya zura mana, yana kallon wani wajen. Salisu ya ɗinke maɓallin a jikina, ya ciji zaren, ya daddale wurin da tafin hannunsa.

Ya ce, "Ka duba, Baba. In bai yi ba ka dawo da shi."

Ya yi.

Jiya da la'asar ya dafe ƙirji ya faɗi a tsakar gida. A nan ne aka kai shi asibiti, ba tare da an jira izinin kowa ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekararsa arba'in da uku.

Ba na ɗora wa Alhaji Tanko abin da ban ɗora wa kaina ba. Shi tsoron bakin mutane ya yi, kuma bakin mutane abin tsoro ne, na ji shi yau da kunnena. Ba a gama rufe kabari ba na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa ai dama. Wannan mai raɗar, na sha ganinsa a shagon Salisu saura kwana uku Sallah da yadi a hammata. Abin da ke ba ni haushi ke nan da mu. Mun san sunan kowace ƙwaya idan a kan ɗan wani ne, idan ta shigo gidanmu sai ta koma sammu ko zazzaɓi. Muna son a kama, a aske, a zane, domin wannan yana da 'yan kallo. Zaman benci a asibiti tare da mai jinya kuwa ba mai so, domin ba a ɗaukar hotonsa. Masu kama dillalai su yi aikinsu, Allah ya taimake su. Amma wanda abin ya riga ya shiga jikinsa majinyaci ne, kuma likita ke duba majinyaci.

Da aka watse daga maƙabarta, wani mutum ya biyo ni. Ba yaro ba ne, akwai furfura a gemunsa, kuma sana'arsu ɗaya da marigayin. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Ya riƙe hannuna bai saki ba, na ji hannun yana rawa irin rawar da na sani.

Ya ce, "Baba, ina so in zo gida mu yi magana. Bayan sadakar uku."

Na ce, "Maganar irin ta Salisu ce?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "To ba bayan sadakar uku ba. Yanzu."

Ya ce, "Akwai ɗinkin biki a hannuna, Baba. Ran Asabar ne."

Na ce, "Amarya ta ɗaura wanda take da shi. Aure ba ya ɓaci don leshi."

Ya ce, "Ban gaya wa kowa a gida ba."

Na ce, "Za mu gaya musu daga can."

Na tsayar da keke-napep na tura shi ciki kafin ɗayanmu ya sake tunani. Waɗanda suka gan mu muna shiga, ina roƙonku ku riƙe bakinku, kun ga abin da baki ya jawo.

Daga bencin asibitin nake wannan rubutu, da yatsa ɗaya, shi ya sa ya ɗauke ni tun bayan azahar. An yanka masa kati. Layin yana da tsawo, bencin kuma ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, amma ban yi wa kowa ƙorafi ba. Sau biyu ya miƙe ya ce zai je ya sha iska, sau biyu na miƙe na ce ni ma ina bukatar iskar. Yanzun nan nas ta kira sunansa, ya shiga. Ban san abin da zai biyo baya ba. An gaya mini hanyar doguwa ce, kuma ana faɗuwa a tashi. Amma dai ya shiga.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Salisu, ka yi masa rahama, ka sanya wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi a gare shi. Ka dubi Rabi da marayunta huɗu, ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar Alhaji Tanko. Ka gafarta mini jinkirin da na yi ranar da aka zo ƙofata.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙon ku yi wa Salisu addu'a da sunansa. Ku ƙara da wata ga mutumin da ke bayan ƙofar nan, ba sai kun san sunansa ba, Allah ya san shi. Zan ajiye wayar, domin nas ta leƙo tana tambaya wa ya kawo shi, kuma ni ne.